Masu Awon Zafin Nama

Duk mai sauraron labaran duniya a rediyo ya saba da jin agogon GMT. Agogon nan na Greenwich ne, wata unguwa a gefen Landan inda Turawan Ingila suka gina ɗakin nazarin taurari a kan tudu tun 1675. A wancan zamani da taurari ake saita shi, su kuma matuƙan jiragen ruwa da shi suke gane inda suke a tsakiyar teku. A farkon 1796 shugaban wurin, Nevil Maskelyne, ya sallami mataimakinsa, wani saurayi mai suna David Kinnebrook, saboda duk tauraron da suka duba, lissafin saurayin yakan zo a makare da kusan kashi 8 cikin 10 na sakan ɗaya.

Ga yadda aikin yake. Mutum zai kafa ido a madubin hangen nesa cikin dare. A cikin madubin akwai zare siriri a tsaye, tauraro kuma yana tafe a hankali daga gefe guda zai ƙetare shi. Agogo yana nan kusa yana bugawa, kas, kas, sakan bayan sakan. Mai duba zai riƙe a ransa inda tauraron yake a bugun da ya zo kafin ya kai zaren, da inda yake a bugun da ya biyo baya, sannan ya ƙiyasta a wane kashi na sakan ɗin ya ƙetare. Ido na gani, kunne na ƙirge, zuciya na raba sakan gida goma, duk a lokaci guda. Maskelyne ya ɗauka yaron ya bar hanyar da aka koya masa ne ya kama wata tasa. A wancan zamani babu wanda ya kawo a ransa cewa mutum biyu masu kula da amana za su kalli abu ɗaya, ɗaya ya riga ɗaya gani.

Sai bayan kimanin shekara 20 wani masanin taurari a birnin Königsberg, Friedrich Bessel, ya ci karo da labarin, ya tsaya ya yi tambayar da ta kamata: to ni fa? Ya zauna da abokan aikinsa, ƙwararru irinsa, suna duba taurari suna gwama lissafi. Ya tarar tsakaninsa da wasunsu akwai tazarar da ta wuce sakan guda cur, kuma kowa da tasa tazarar, tana biye da shi dare bayan dare. Daga nan masu nazarin taurari suka shiga auna kansu kafin su auna sama: kowane mai duba a san jinkirinsa, a cire shi daga lissafi. A nan sana'ar da nake son yabawa ta samo tushe, wato awon ɗan lokacin da ke tsakanin ido ya ga abu da hannu ya motsa. Mu mukan ce wane yana da zafin nama, mu tsaya a nan. Waɗannan bayin Allah suka ce sai sun san nawa ne, kuma a ina lokacin yake tafiya.

Abin da ya tare musu hanya shi ne, manyan malaman lokacin sun gamsu cewa saurin saƙon da ke bi ta jijiya ya fi ƙarfin awo. Johannes Müller, wanda ake ji da shi a Jamus a ilimin aikin jiki, ya rubuta cewa da wuya a taɓa iya auna shi. Ba a jima ba ɗalibinsa Hermann Helmholtz ya auna shi, a Königsberg ɗin nan dai, tsakanin 1849 da 1850, kuma da ƙafar kwaɗo. Ya fitar da tsokar sharaɓa tare da jijiyarta, ya rataya mata ɗan nauyi. Ya haɗa waya ta yadda a daidai lokacin da lantarki ya tsikari jijiyar, wata allurar maganaɗisu za ta fara samun turi. Da zarar tsokar ta tsuke ta ɗaga nauyin, sai wayar ta yanke, turin ya tsaya. Gwargwadon karkatar allurar, gwargwadon lokacin da ya wuce.

Sai dai lokacin nan ya haɗa abu biyu, tafiyar saƙo a jijiya da farkawar tsoka. Yaya za a raba su? Helmholtz ya tsikari jijiyar kusa da tsoka ya auna, ya koma can nesa da santimita 5 ko 6 ya sake aunawa. Komai ɗaya ne in ban da ƙarin tafiya. Mai sayar da zuma ya san wannan lissafi: ka ɗora kwalba fanko a sikeli, ka cika ta ka sake ɗorawa, bambancin shi ne zumar. Bambancin da ya samu kashi 1 zuwa 2 ne cikin 1,000 na sakan, abin da ke nuna saƙo a jijiyar kwaɗo yana tafiyar kimanin mita 30 a sakan. Sauti a iska ya ninka wannan fiye da sau goma. A jikin mutum jijiyoyin da ke kai umarni ga hannu sun fi haka sauri, mita 50 zuwa 60 a sakan, amma dai tafiya ce mai cin lokaci, kuma an tabbatar ana iya sa mata agogo.

Agogon ma ya samu. Wani maƙerin agogo, Matthäus Hipp, ya ƙera na'urar da ke ƙirga kashi ɗaya cikin dubu na sakan, abin da yanzu ake kira milisakan. Lantarki ke kama allurarta, lantarki ke sakinta. A farkon shekarun 1860 Adolph Hirsch, shugaban ɗakin taurari na Neuchâtel a Suwizalan, ya riƙa zaunar da mutane a gabanta: ka ga tartsatsin wuta ka danna, ka ji ƙara ka danna. Ido ya ci kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan, kunne ya riga shi. Har yau, da duk kwamfutocin da ake da su, awon bai yi nisa da nasa ba. Matashi mai lafiya yakan amsa wa haske cikin milisakan 200 zuwa 250, in ƙara ce kuwa sai a rage 30 zuwa 50 daga ciki.

Mun saba cewa gani ya kori ji, kuma wajen tabbatar da magana haka ne. Wajen sauri kuwa ji ne a gaba, kuma da dalili. A kunne, sauti yana girgiza wasu 'yan gasu ƙanana, girgizar ta zama saƙo kusan nan take. A ido, hasken da ya faɗa a tantanin da ke bayan ƙwayar ido sai ya tayar da jerin sauye-sauyen sinadarai, wannan ya taɓa wancan, kafin saƙo ya fita, kuma nan kaɗai gomman milisakan sun tafi. Sannan saƙon ya bi jijiyar gani, ya yada zango a tsakiyar ƙwaƙwalwa, ya wuce can ƙeya inda ake fassara abin da aka gani, a miƙa wa sashen da ke ba da umarnin motsi, ya gangara ta laka, ya bi dantse zuwa yatsa, kana tsoka ta tsuke. In hasken ya dusashe, tafiyar takan ƙara tsawo. Shi ya sa mai tuƙi da magariba yake ganin abu a makare fiye da yadda yake zato.

Gwanin da ya fi burge ni a wannan fage shi ne Franciscus Donders na birnin Utrecht a ƙasar Holan. Likitan ido ne, shi ya kafa asibitin ido domin marasa galihu a garin a 1858, kuma ya yi suna wajen tsara yadda ake gwada ido a zaɓa wa mutum tabarau. Tambayarsa ta wuce jijiya. Ya ce in ana iya auna tafiyar saƙo ta hanyar debe wannan daga wancan, me zai hana a auna tunani shi kansa?

Shi da ɗalibinsa De Jaager, wanda ya rubuta kundinsa a kan wannan aiki a 1865, suka ɗaura wa mutum waya a ƙafa biyu. A zagayen farko sai a gaya masa: ƙafar dama za a tsikara, da ka ji ka motsa hannun dama. A zagaye na biyu ba a gaya masa komai, ko dama ko hagu, ya amsa da hannun ɓangaren da ya ji. Jijiya ɗaya, tsoka ɗaya, nisa ɗaya. Abin da aka ƙara kawai shi ne ya gane wace ƙafa ce, ya zaɓi hannu. Ƙarin ya kama kashi 1 cikin 15 na sakan. Suka maimaita da ido, ja ka amsa da hannu ɗaya, fari ka amsa da ɗayan, sai ƙarin ya fi na ƙafa tsawo sosai. Hakan ya yi daidai da hankali, don hannu da ƙafar ɓangare ɗaya sun saba da juna tun haihuwa, launin ja kuwa babu abin da ya haɗa shi da hannun dama sai umarnin da aka bayar yanzu-yanzu.

Gwajin da ya fi kyau shi ne na murya, wanda ya bayyana a rubutunsa na 1868. Mutum biyu su zauna a gaban wani babban mazurari. A ƙarshen mazurarin akwai tantani mai ɗauke da tsinke, tsinken yana taɓa wata ganga da aka naɗe da takarda, aka turara takardar da hayaƙi har ta yi baƙi ƙirin. Ana juya gangar da hannu. Muddin shiru ake yi, tsinken miƙaƙƙen layi yake ja. Da murya ta shiga sai layin ya fara rawa. Na farko ya ce “ki”, na biyu ya amsa “ki” da iyakar saurinsa, takarda ta riƙe inda muryar kowa ta soma. Saura lokaci. Hannun mutum ba ya juya ganga da gudu ɗaya, to yaya za a mayar da tsawon layi ya zama sakan? Donders ya kafa ƙarfen nan mai baki biyu da masu kiɗa ke daidaita sauti da shi, wanda in an buge shi yake karkarwa sau 261 a sakan, ya sa masa nasa tsinken a gefen na murya. Ko an juya da sauri ko a hankali, ƙarfen yana zana tudu da kwarinsa a gefe, kowane tudu ƙasa kaɗan da milisakan 4. Sai a cire takarda a zauna a ƙirga tuddai tsakanin murya da murya. Da hayaƙi da tsinke da haƙurin ƙirga aka fara sa wa tunanin ɗan Adam agogo, kuma a ganina kaɗan ne dabarun awo da suka kai wannan tsafta.

Ya shirya gwajin hawa uku. A hawan farko mai amsawa ya san “ki” ce za ta zo. A na biyu kowace daga ka, ke, ki, ko, ku tana iya zuwa, kuma abin da ya ji shi zai maimaita, wato sai ya tantance sannan ya zaɓi abin da bakinsa zai furta. Hawa na uku shi ne wanda Donders ya nuna basira a cikinsa: kowace gaɓa tana iya zuwa, amma “ki” kaɗai zai amsa wa, sauran ya yi shiru. A nan bakinsa a shirye yake da amsa ɗaya tak, tantancewa kawai ta rage masa. Hawan farko ya ci kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan, na biyu ya ɗara shi da abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, na uku ya faɗo tsakaninsu. Ka debe na farko daga na uku, ka sami lokacin tantancewa. Ka debe na uku daga na biyu, ka sami lokacin zaɓi.

An soki wannan lissafi daga baya, musamman a Jamus, inda Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajin halayyar ɗan Adam a Leipzig a 1879, awon martani ya zama abincin yau da kullum. Masu sukar suka ce in ka ƙara wa mutum aiki, shirinsa gaba ɗaya ne yake sauyawa, ba mataki ɗaya kawai kake sakawa a tsakiya ba. Suna da gaskiya, kuma duk mai amfani da dabarar ya kamata ya riƙe wannan. Duk da haka hawan nan na uku, amsa wa wannan ka ƙyale wancan, yana nan a ɗakunan gwaji da asibitoci har gobe. A 1952 William Hick a Kambirij ya jera fitilu da maɓallai ya nuna cewa duk lokacin da aka ninka yawan zaɓi, lokacin amsa yakan ƙaru da kusan adadi ɗaya.

To ina gwanintar take a yau, tunda kowace waya tana da agogo a cikinta? Hanya mafi sauƙi ta ganin ta ita ce ka ɗauki rular ɗan makaranta mai santimita 30. Abin da aka saki yana faɗuwa ne bisa ƙa'ida ɗaya, don haka nisan da rula ta faɗi agogo ne mai gaskiya. Wanda za a gwada ya zauna, ya ɗora dantsensa a kan tebur, hannu ya leƙo baki, babban yatsa da manuni a buɗe kaɗan. Mai gwaji ya riƙe rular daga sama, sifili daidai saman yatsun, ya saki ba sanarwa. Inda yatsu suka cafke, nan za a karanta. Santimita 10 milisakan 143 ke nan, santimita 20 kusan 200, santimita 30 kusan 250. Lura da yadda lissafin yake: goman farko ta ci 143, ta ukun 45 kawai, saboda rula ƙara gudu take yi tana faɗuwa. Mai kula yakan mayar da kowane awo zuwa lokaci tukuna kafin ya haɗa lissafi. Wannan ƙa'ida ce ta sa wasan nan na cafke takardar kuɗi yake gagarar kusan kowa: in yatsunka suna tsakiyar takardar, santimita 7 zuwa 8 kawai suka rage a sama, ta wuce cikin milisakan 120 da ɗan abu, kai kuwa saƙonka bai ma gama fita daga kai ba.

Ɗan koyo zai saki rula sau ɗaya ya rubuta lamba ya ce ya gama. Gwani ya san wanda ke gabansa, ko da ba da niyya ba, neman hanyar riga rula yake yi. Dantse a kan tebur, don kada hannu ya bi rula ƙasa ya ƙara wa kansa lokaci. Gwani ba ya jan numfashi kafin ya saki, ba ya ɗaga gira, kafaɗarsa ba ta motsi. Wani lokaci ya jira sakan ɗaya, wani lokaci huɗu, don da zarar jiran ya zama iri ɗaya, mutum ya daina amsa wa ido ya koma ƙirge a zuci. Jefi-jefi kuma ya ƙi saki sam. In yatsu suka rufe a kan rular da ba ta motsa ba, an kama mai cankewa. Duk cafkar da ta zo ƙasa da santimita 5, wato milisakan 100, a jefar da ita, don ido da hannun ɗan Adam ba su kai nan ba. Sannan a maimaita da yawa, a bar na farko-farko a matsayin sabo, a jera sauran daga ƙarami zuwa babba a ɗauki na tsakiya. Dalili shi ne sauri yana da iyakar da ba ya wucewa, jinkiri kuwa ba shi da ita: hankali ya ɗan tafi sau ɗaya, lamba guda ta ja matsakaicin lissafi ta kai shi inda bai dace ba.

Wannan yaƙi da canke shi ake yi a manyan filayen wasa. A tseren motocin Formula 1 jajayen fitilu biyar ne ke kunnuwa ɗaya bayan ɗaya, sannan su mutu gaba ɗaya bayan jiran da direba bai san tsawonsa ba. A tseren ƙafa akwai ma'auni a matakin da ɗan tsere ke dogara ƙafarsa, kuma duk wanda ya tura shi kafin milisakan 100 bayan tashin bindiga, a doka ya yi riga-malam-masallaci. A gasar duniya ta 2022 a Eugene ta Amurka, an fitar da Devon Allen daga zagayen ƙarshe na tseren tsallake shinge na mita 110 saboda ma'auni ya nuna sakan 0.099. Milisakan ɗaya. Na tausaya masa ƙwarai, kuma binciken da hukumar wasannin tsere ta duniya da kanta ta sa aka yi a ƙasar Finlan ya nuna wasu 'yan tsere suna iya amsa wa ƙara a kusan milisakan 80. Na'ura ta auna daidai. Inda aka ja layin kuwa hukuncin mutane ne, kuma ya cancanci a sake duba shi.

Gwani kuma ba ya yarda da na'urarsa sai ya gwada ta. Masu aiki da agogon Hipp sukan saki ƙwallo ko guduma daga tsayin da aka sani su ga ko agogon ya faɗi lokacin da ya kamata, kafin su zaunar da kowa. Na yau sukan manna ma'aunin haske a jikin allon kwamfuta don su san ainihin lokacin da hoto ya bayyana. Allon da ke sabunta hoto sau 60 a sakan yana iya riƙe hoton har kusan milisakan 17, gilashin waya ma yana da nasa jinkirin kafin ya san an taɓa shi. Saboda haka lambar da wasannin gwada sauri a waya ke ba ka ta haɗa naka da na wayar. Tana da amfani in ka gwama kanka da kanka a waya ɗaya, safe da dare, amma ba hujjar yi wa aboki gori ba ce in wayoyinku daban-daban ne.

Awon ya kuma fito da wani abu game da gwanayen wasa. Daga inda ake bugun fenariti zuwa raga mita 11 ne, ƙwallon da aka buga da gudun kilomita 100 a awa tana isa cikin kusan milisakan 400. In mai tsaron gida ya jira sai ya ga inda ta nufa, rabin lokacin ya tafi kafin ya motsa, ragowar ba za ta kai shi kusurwa ba. Wanda ke kamawa ƙugun mai bugu yake karantawa, da inda ya kafa ƙafar dogaro. Haka ɗan damben da ke goce wa naushi, kafaɗa da tsayuwar abokin karawa yake gani tun hannu bai taso ba. Jijiyarsa irin ta kowa ce, shekarun da ya yi a fage ne suka koya masa inda zai sa ido.

Akwai wani rukunin motsi da bai biyo ta wannan doguwar hanya ba, kuma masu awonsa suna asibiti. Likita ya zaunar da kai a bakin gado, ƙafafu na reto, ya ɗauki ƙaramar gudumar roba ya ɗan ƙwanƙwasa jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, ƙafa ta yi tsalle da kanta. Saƙon ya je laka ne a ƙasan baya ya juyo, bai jira ƙwaƙwalwa ba, tsokar cinya ta fara aiki cikin ƙasa da milisakan 50. Likitoci biyu a Jamus, Wilhelm Erb da Carl Westphal, su suka bayyana amfanin wannan gwaji a 1875, kowa da nasa rubutun. Kallon aikin a hannun wanda ya iya abin sha'awa ne. Ba ya bugu da ƙarfi, sakin gudumar yake yi ta faɗa da nauyinta. Idonsa yana kan tsokar cinya, ba kan tafin ƙafa kaɗai ba. In ka ƙanƙame jiki, sai ya ce ka sarƙe yatsun hannuwanka ka ja da ƙarfi, kana cikin ja ya buga, dabarar da wani likitan Hangari, Jendrassik, ya bari. Kuma kullum dama da hagu yake gwamawa. Ɓangaren da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa yakan zabura fiye da ƙima. Ƙafar da shan inna ta kama ba ta amsawa. Mai ciwon suga da ya daɗe, agararsa takan yi sanyi in an buga.

Ido ma yana da nasa. Likita ya haska tocila a ido ɗaya, ɗigon tsakiyar ido, ƙofar da haske ke shiga, ya tsuke a idanu biyun duka. In an haska hagu duka biyu sun tsuke, aka haska dama babu wanda ya motsa, matsalar tana hanyar shiga ta idon dama. In kuwa ɗigon dama ba ya tsukewa ko wane ido aka haska, matsalar tana hanyar fita. Irin tunanin Donders ne a hannun mai tocila: sauya abu ɗaya, bar sauran, dubi bambanci. Wanda ya faɗo daga babur ya bugu a kai, in aka ga ɗigon ido ɗaya ya buɗe ya ƙi tsukewa, alama ce ta gaggawa, ba a jira sai gari ya waye.

Na ce a baya jinkirin da ke faɗowa jefi-jefi yana ɓata lissafi. Wani masanin barci a Amurka, David Dinges, ya juya maganar, ya ce ai jinkirin nan shi ne abin nema. A 1985 shi da abokin aikinsa suka fito da gwaji mai sauƙi: ka zauna minti 10 kana kallon ƙaramin allo, lamba ta fara gudu bayan jiran sakan 2 zuwa 10, ka danna maɓalli. Duk amsar da ta wuce rabin sakan a rubuta ta a matsayin ɓacewar hankali. An yi shi da tsawo da gangan, don mai jin barci yana iya tattaro kansa ya cafke rula sau uku ko huɗu kamar kowa, amma ba zai iya riƙe hakan minti goma ba. Har 'yan sama-jannati a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa sun yi amfani da gajeren samfurinsa. A binciken da Dinges da abokan aikinsa na Jami'ar Pennsylvania suka buga a 2003, mutanen da aka taƙaita wa barci zuwa awa 6 ko ƙasa da haka har kwana 14 sun riƙa lalacewa a gwajin kullum, har suka kai matsayin wanda ya kwana ɗaya zuwa biyu bai runtsa ba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, da aka tambaye su, ba su ji cewa barcin ya yi musu yawa haka ba. Masu bincike a Ostireliya ma sun nuna cewa awa 17 zuwa 19 ido biyu yana rage hanzarin mutum daidai da wanda barasa ta fara kamawa.

A nan maganar ta iso kan titinmu. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Direba kuma ba zaune yake da yatsa a kan maɓalli yana jiran fitila ba. Sai ya ga abu, ya gane akuya ce ko yaro ko rami, ya zaɓi birki ko kauce, ya ɗauke ƙafa daga totur ya kai ta birki, wato duk hawan Donders a jere. Shi ya sa injiniyoyin hanya a Amurka suke ware sakan 2.5 domin wannan kaɗai in suna lissafin nisan tsayawa, kusan mita 70 ke nan kafin taya ta fara riƙewa. Ɓacewar hankali ta rabin sakan tana ƙara mita 14 a kai.

Ina roƙon malaman kimiyya a makarantunmu su ba wannan gwaji na rula darasi guda cikakke, yara su saki, su cafke, su kama mai canke, su yi lissafin da hannunsu. Shugabannin tashoshin mota kuwa, direban da ya iso da asuba daga doguwar tafiya, kada ku tsaya a kan cewarsa lafiya lau yake jin kansa, don awo ya nuna mai ƙarancin barci ba ya sanin iyakar abin da ya rasa. Ku tambaye shi awa nawa ya kwanta jiya, in bai samu ba ku ba shi wuri ya yi barci kafin a yi masa lodi.